Shin tauna 'ya'yan itatuwa yana dawo da yawu, ko yana ɓata haƙora?

Wani manomi daga Kiyawa:

Assalamu alaikum. Mahaifiyata ta haura shekara 70, tana shan maganin hawan jini, kuma kullum kukanta bushewar baki, har tuwo ba ya haɗiyuwa sai da kofin ruwa a gefe. Maƙwabcinmu ya ce mu riƙa ba ta 'ya'yan itatuwa tana taunawa domin yawu ya dawo. To amma yarana, waɗanda ba sa rabuwa da tsamiya da dabino, ƙaraminsu ya fara kukan haƙori. Shin abin da zai amfani tsohuwa shi ne yake cutar da yara?

Ma'aikaciyar lafiya daga Dutse:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa Inna lafiya. Maƙwabcinka ya faɗi gaskiya, domin tauna tana zaburar da gaɓoɓin da ke fitar da yawu, kuma babban mutum mai lafiya kan fitar da rabin lita zuwa lita 1.5 a rana. Yawun nan yana wanke ragowar abinci, yana karya ƙarfin tsami, sannan yana mayar wa haƙori sinadarin kalsiyam da tsami ya zaizaye. Sai dai bushewar baki ga tsofaffi galibi ba daga tsufa kaɗai take zuwa ba. Magunguna, musamman masu sa yawan fitsari, da ciwon suga suna jawo ta. Kada Inna ta daina shan maganinta, amma a sanar da likita. A yanka mata kankana ko gwanda ƙanana-ƙanana da rana, a guji ba ta dabino dab da kwanciya, saboda yawu yana raguwa sosai a barci, kuma idan dasashi ya ja baya, saiwar haƙori ta fi saurin ruɓewa.

Malamin firamare daga Ringim:

Malam, matsalar yara ita ce tsotso, ba tauna ba. Yaro zai dunƙule tsamiya a kumatu tun daga hutun tara har a tashi, kuma idan ya ce haƙoransa sun mutu, tsamin ne ya taɓa farin rufinsu, wanda a haƙoran nono ya fi sirara. Iyaye da yawa ba su san cewa turmin da ke fitowa a can baya wajen shekara 6 ba ya famfara ba, sai su ƙyale shi ya yi kogo. Gara yaro ya cinye gwabarsa a zama ɗaya ya kuskure baki da ruwa, da ya wuni yana lasar zaƙi.

Wani dattijo daga Gwaram:

Mu da goruba da rake muka tashi, ga aswaki a kowace alwala, kuma har yau ina cin gasasshiyar masara. Ina ganin alewa da lemon kwalba ne suka lalata bakin yaran yanzu.

Ma'aikaciyar lafiya daga Dutse:

Baba, maganarka tana kan hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana lissafa ruwan 'ya'yan itatuwa da aka matse cikin sukarin da ya kamata a rage, amma ba ta sa ɗan itacen da aka tauna ba. Abin da zan ƙara shi ne, bayan cin abu mai tsami a dakata kamar minti 30 kafin a sa aswaki ko buroshi, domin a lokacin rufin haƙori ya yi laushi, goga kuwa sai ta ƙara kankare shi.