Shirin bunƙasa ƙaramar hukuma ba tare da yawan hayaƙi ba: daga ina za a fara?

Mai Tambaya:
Salamu alaikum. A ƙaddara ƙaramar hukuma ce irin Kura, Bunkure ko Garun Malam, inda arzikin jama'a ya rataya a kan noman rani, casar shinkafa da injinan niƙa. Ana son tsarin shekara biyar da zai ƙara sana'a ya kuma rage hayaƙin kabon. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin fetur da gas ke cinye ribar kowa. Shawarar da ta fi yawo ita ce a sayo fitilun titi masu sola a kuma dasa itatuwa. Wannan ya wadatar? Masana, me ya kamata ya zo farko?

Injiniyan Sola:
Wa alaikumus salam, Malam. Fitilar titi tana da amfani ga tsaro, amma ba ta maye gurbin man da ake ƙonawa, don a da ma duhu ne a wurin. Ku fara da ƙidaya, kafin a sayi ko ƙusa ɗaya. A bi mazaɓa mazaɓa tare da masu unguwanni, a rubuta kowane injin niƙa, injin casa, injin ban ruwa, na walda da janareta: ƙarfinsa, awa nawa yake aiki, da wane lokaci, lita nawa yake sha. Kada a dogara da baki kawai, a auna na sati guda a wurin mutum goma ko sha biyar.

Lissafin mai sauƙi ne. Litar gas tana fitar da kimanin kilo 2.7 na kabon, ta fetur kilo 2.3. A misali, injin niƙa 40, kowanne na shan lita 6 a rana, lita 240 ke nan, wajen kilo 650 kullum, kusan tan 195 a kwana 300 na aiki. Wannan takardar kuma ita za ta nuna muku kuɗin da ke fita daga garin.

Sannan a nemi inda injinan suka taru, galibi bakin kasuwa, a kafa ƙaramar tashar sola a nan. A yankin Kano kilowat 1 na farantin sola yana ba da kilowat-awa 4 zuwa 4.5 a rana idan an cire asara. Motar lantarki mai juya inji, mai kilowat 7.5, da za ta yi awa 5 tana bukatar kusan kilowat-awa 38, wato faranti na kilowat 9 zuwa 10.

Inda ake faɗuwa: motar lantarki tana jan wuta ninki 5 zuwa 7 a lokacin tashi, sai inbata, na'urar da ke juya wutar sola ta zama irin wadda inji ke sha, ta yanke, mai injin ya yi fushi ya koma ga gas. Maganinsa na'urar da ke tada mota a hankali, VFD, kuma kada a tada injina biyu lokaci ɗaya. Na biyu batir ne. Shi ya fi komai tsada, kuma batirin dalmar nan rayuwarsa na raguwa da kusan rabi duk ƙarin zafin digiri 10 a kan 25. Ɗakin kwano a watan Afrilu kabarinsa ne. A mayar da aiki mai nauyi tsakanin 10 na safe da 3 na yamma, a rage kuɗin wuta a wannan lokacin, batir ya zama na fitila da firji kawai. Lokacin hazo kuma a wanke faranti aƙalla sau ɗaya a sati, da sassafe kafin gilashi ya ɗau zafi.

Uwar Gumi:
Injiniya ya faɗi gaskiya, sai dai ƙidayarsa ta tsallake murhu. A garin shinkafa wutar da ta fi ci ba a inji take ba, tana ƙarƙashin tukunyar gumi. Murhun duwatsu uku kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na zafin itace kawai yake kai wa tukunya, sauran iska ke kwashewa. Ga kuma ɓuntu jibge a bayan injin casa yana cin wuta a banza, alhali kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera ɓuntu ne. Tan 100 ya bar muku tan 20 na makamashi.

Hanya biyu ce. Ko a gina murhu mai raga a karkace da bututun hayaƙi wanda ke cin ɓuntun kai tsaye, ko a ƙona shi rabi a cikin ganga, a kwaɓa da kokon rogo, a matse, a shanya ya zama gawayi. Ta farko ta fi dacewa da masu gumi. Abin lura, tokar ɓuntu tana da yawa, wajen kashi 20 cikin 100, kuma kamar yashi take. Idan ba a bar ƙofar kwashe toka mai faɗi ba, raga ta toshe, wuta ta mutu ana tsakiyar turara, shinkafa ta fito rabi ɗanya ta kakkarye a inji. Yashin nan ne kuma ke cinye sukurun injin matse ɓuntu, don haka duk wanda zai sayo shi ya tabbatar akwai mai walda a kusa da zai riƙa cike bakin.

Kuma don Allah a auna tukwanen da matan ke amfani da su kafin a ƙera murhu. Murhun da tukunya ba ta zauna a kai ba, kaji ne za su kwana a ciki.

Malamin Gona:
Hajiya, a ƙara da gonar kanta. Shinkafar da ke kwance cikin ruwa kullum tana fitar da iskar metan, wadda ta fi kabon riƙe zafi nesa ba kusa ba. Dabarar jiƙa da busarwa tana rage ta sosai, tana kuma rage ruwa har zuwa kashi 30 cikin 100. A yanko bututun roba mai tsawon santimita 30, a huda ramuka a rabinsa na ƙasa, a kafa shi rabin ya nutse, a kwashe lakar ciki. Bayan sati biyu zuwa uku da dashe a bar ruwa ya janye. Idan ya sauka santimita 15 ƙasa da doron gona, a sake ba da ruwa ya kai santimita 5. Lokacin fure ba a wasa, ruwa ya zauna, in ba haka ba zangarniya ta yi holoƙo. Mai jan ruwa da injin fetur zai ga ribar a aljihunsa nan take. Mai shan ruwan kanal daga Tiga ba zai yarda ya busar ba sai ya tabbata ranar da yake so ruwa zai zo, don haka sai an zauna da ƙungiyar masu amfani da ruwa.

Kayan lambu na bukatar wajen lita dubu 50 zuwa 60 a hekta kowace rana a tsakiyar rani. A fadama mai ruwa kusa, faranti na kilowat 1 zuwa 1.5 ya isa wannan. Famfon sama ba ya zuƙo ruwan da ya wuce zurfin mita 7, a gwada rijiyar a watan Afrilu, ba a Disamba ba.

Batun itatuwa kuwa, dashen da ba mai ba shi ruwa abincin awaki ne. Ku duba sassaben zamani na Maraɗi da Damagaram, inda manoma suka farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 ta hanyar barin tohon kututture: a zaɓi reshe biyu zuwa biyar masu ƙarfi, a sare sauran. Gawo ya fi dacewa, tunda da damina yake zubar da ganye.

Tsohon Akawu:
Ranku ya daɗe, duk wannan sai da takarda. Shawarata ƙaramar hukuma kada ta mallaki tashar. Ta ba da fili da takardar mallaka, ta tara masu injin su sa hannu kan sayen wuta, kamfani ya zuba jari ya sa mita mai kati. A ƙa'idar 2023 ta NERC, hukumar kula da harkar lantarki ta ƙasa, an ce tashar da ba ta wuce kilowat 100 ba rajista take bukata, daga nan zuwa megawat 1 sai izini. Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar karɓar wannan iko, a bincika wa ke riƙe da shi a jiharku. Tallafi kuma ta hannun REA, hukumar kai lantarki karkara, yake bi, musamman shirin DARES na dala miliyan 750 da Bankin Duniya ya amince da shi a Disambar 2023, kuma kamfanoni ne ke nema.

Wuyar tana wurin mai injin niƙa: ba shi da kuɗin sauya injin gas da motar lantarki. A shirya masa bashin da zai biya daga rarar man, kuma kada biyan wata ya wuce abin da yake kashewa a gas.

Injiniyan Sola:
Haka ne, Baba Akawu. A kuma rubuta cikin yarjejeniya wa zai canja batir da inbata, da kuɗin da za a riƙa warewa duk wata tun daga ranar farko. Shekarar farko a bar injin gas ɗin a wurinsa da belinsa, saboda kwanakin hadari na Agusta.