Neman shawara: iska ta yaye mana rufin ajujuwa biyu

Hedimasta, daga wani ƙauye a Kebbi: Assalamu alaikum. Shekarata tara ina riƙe da wannan firamare, kuma ni na dasa darbejiyar da yara ke zama a ƙarƙashinta yanzu, tun zamanin marigayi mai gari da ya ba mu fili. Iskar farkon damina ta yaye kwanon ajujuwa biyu cikin huɗu. Sau uku ina kai takarda ofis ana cewa babu kuɗi, alhali makarantar cikin gari har fenti aka yi mata bana. Da na ga ruwa na cin bango, sai na roƙi iyaye su kawo ɗari biyar-biyar, yanzu kuma na ji wani ya kai ƙarata. Ina zan dosa?

Tsohon sufeto: Malam, ka yi kuskure, domin dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne. Kuma ba ka san inda kuɗin gini yake ba. Gwamnatin Tarayya tana ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarta ga UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, jiha ba ta samun rabonta sai ta ajiye daidai shi, sannan SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ta tsara makarantun da za a gyara. Shin kwamitinku na SBMC, na iyaye da jama'ar gari mai kula da makaranta, yana da asusun banki?

Wata malama: Baba sufeto, wane asusu kuma? Ni an yi mini ƙarin girma a takarda shekara uku ke nan, ban ga kwabo a albashi ba, alli ma da kuɗina nake saye. Malam, ɗauki hoton ajujuwan ka sa a Facebook.

Tsohon sufeto: 'Yata, wannan hanyar karɓar takardar tuhuma ce. Ma'aikaci ba ya yin haka.

Wani malami daga Argungu: Ai Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, saboda haka hedimasta ya tafi da mai gari wurin ciyaman.

Tsohon sufeto: Daga kason ƙaramar hukuma ake biyan albashin malaman firamare, me kake tsammanin zai rage na kwano?

Hedimasta: Ranka ya daɗe, ni ban ɗora wa kowa haraji ba, taimako na nema, kuma a gaban liman aka ƙirga kuɗin. Da na zauna jiran tsari, da bangon ya faɗa kan 'ya'yan mutane, ni za a fara kamawa.

Tsohon sufeto: Na tambaye ka maganar asusu, Malam, har yanzu ba ka amsa ba.