Wane suna za mu ba anthropology a Hausa?

1/ Malamai da 'yan'uwa ɗalibai, assalamu alaikum. Ina shirya darasin gabatarwa ga ɗaliban aji ɗaya na jami'a, sai sunan fannin da Turawa ke kira anthropology ya tsayar da ni, musamman reshensa da ya shafi al'adu. Kalmar daga Girkanci take: anthropos shi ne mutum, logos kuma nazari.

2/ Idan aka bi asalin, "ilimin ɗan'adam" ne zai fara zuwa baki, amma ya yi faɗi da yawa, domin likita ma ɗan'adam yake nazari, ga shi kuma ya yi kama da "ilimin halayyar ɗan'adam" wanda kunne ya riga ya saba da shi. "Ilimin zamantakewa" kuwa yana da mai shi, wato fannin sociology.

3/ Wani malamina ya ba da shawarar "nazarin al'ada", kuma na daɗe ina juya ta a raina. Allah ya gafarta malam, ga inda na tsaya: a sassan Hausa na jami'o'inmu, da an ce al'ada sai hankalin ɗalibi ya tafi kan kamu da lalle da buɗar kai, wato abin gidansu. Shi kuwa wannan fanni, mutum yake barin gida ya je ya zauna da waɗanda bai sani ba. Malinowski, ɗaya daga cikin manyan masanan fannin, ya kafa tantinsa a tsakiyar wani ƙauye a tsibiran Trobriand da ke kusa da New Guinea tsakanin 1915 da 1918, ya koyi harshen mutanen, ya ga yadda jajayen sarƙoƙin wuya da fararen awarwaro na ɓawon dodon-koɗi ke zagaya tsibirai, kowanne ta ɓangaren da ɗayan bai bi ba. Mu ma an zo mana haka, domin wata Baturiya mai suna Mary Smith ta zauna da wata dattijuwa Bahaushiya, Baba ta Karo, a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950 tana rubuta tarihin rayuwarta.

4/ Saboda haka nake ganin sunan yana bukatar jam'i, wato "ilimin al'adun al'ummomi", ta yadda ɗalibi zai ji tun daga sunan cewa al'adu da yawa za a jera a kwatanta, ba tare da an ɗauki ta wani a matsayin ma'auni ba. Uwar fannin, wadda ta haɗa har da nazarin ƙasusuwa da harsuna da kayan tarihi na tono, sai mu bar mata "ilimin bil'adama".

5/ Na san ya yi tsawo a baki. Duk wanda yake da gajeren suna da bai zubar da jam'in ba, don Allah ya kawo kafin Litinin, ranar da zan rubuta shi a allo.