Kawunta ya ce da alli zan riƙe ta?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, raina a jagule yake. Ni malamin firamare ne, shekara bakwai ina koyar da 'yan aji huɗu a wani ƙauye, kullum a kan tsohon mashin ɗin da na saya na hannu. Na yi NCE, wato takardar shaidar koyarwa, na yi rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai. Mahaifina ma malami ne, shi ya kama hannuna na fara rubuta baƙi, ya rasu bai karɓi giratutinsa ba. To akwai yarinyar da muka shekara biyu muna tare. Magabatana suka je tambaya, aka ce su dawo bayan Sallah. Daga baya labari ya iso mana cewa kawunta ya ce, "Malamin firamare da me zai riƙe ta, da alli?" Yanzu abokina yana so mu haɗa jari mu buɗe shagon POS. In ajiye aikin, ko in haƙura da ita?

Tsohon hedimasta: Ɗana, kada ka kuskura. Tafawa Ɓalewa, Sardauna, Malam Aminu Kano, Shehu Shagari, duk alli suka fara riƙewa kafin su riƙe ƙasa. A zamaninmu malami ke karanta wa dagaci wasiƙa. Kuma tun 2022 Buhari ya sa hannu a dokar da ta kai ritayar malamai shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki. POS yana da fansho?

Wata malama: Baba, da girmanka, ba kowace jiha ce ta aiwatar da dokar nan ba. Kuma mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa a 2024, a je kasuwa a tambayi kuɗin buhun shinkafa. Ni yara sun fi tamanin a ajina, rabinsu a ƙasa suke zaune. Makon jiya na tsawata wa wani yaro, uwarsa ta zo har bakin aji ta wanke ni tas, babu wanda ya ce mata kanzil.

Ɗan kasuwa: Malam, ai ƙarfe biyu kun tashi. Riƙe koyarwar da shagon duka biyun mana.

Tsohon hedimasta: Haka ake lalata aikin. Malami yana aji, hankalinsa yana kan wayar shago. Yaushe zai rubuta tsarin darasi, yaushe zai duba littattafan yara? Mu muka zubar da girmanmu kafin wasu su zubar mana.

Wata uwa: Ɗana, ita yarinyar me ta ce? Mahaifinta yana raye? Kuma wa ya ji kawun da kunnensa?

Mai tambaya: Na gode duka. Baba, ni ban taɓa barin aji ba, ko ranar da mashin ya mutu a hanya da ƙafa na ƙarasa. Yallaɓai, ƙarfe biyun nan ba na isa gida sai la'asar. Kuma ba don na rasa abin yi na shiga koyarwa ba, makina ya isa in shiga jami'a, ni na zaɓi koyarwa.

Wata uwa: Ba ka amsa mini ba.

Tsohon hedimasta: Hajiya, bar shi. Gidan da ba a ganin darajar malami, ko sun ba shi ita ni ba zan je ɗaurin auren ba.