Abin da aka tattauna kan "busy" lokacin gasar rediyo

Jama'a, na tattaro abin da kuka ce tun jiya kan dalilin da ya sa ake jin busy idan an kira gidan rediyo lokacin gasa, don maganar ta yi tsawo:

1. Kusan kowa ya yarda matsalar daga layin gidan rediyon take farawa. Sim ɗaya ne a situdiyo, kira ɗaya yake ɗauka, to Katsina kaf ta danna lamba lokaci guda, sauran dole su ji busy.

2. Eriyar kamfanin waya ta unguwa ma tana da iyakar kiran da take ɗauka. Idan ta cika, na'urar kamfani kan yanke wasu kiran tun daga tushe don kar cunkoson ya tsayar da komai har da 112 na gaggawa. A Amurka ma lambobi na daban ake ware wa irin wannan gasa saboda haka.

3. Nan aka rabu: wasu sun ce a yi ta maimaita kira har a dace, wasu sun ce wannan ne ke ƙara cunkoson, gara tes ko WhatsApp. Ni dai na fi karkata ga na biyun.

4. Mai sauraro ta intanet a makare yake jin sanarwa, ya kunna FM kawai.