Ta yaya zan gano abin da ya ƙirƙiri wani abu a Java?

Ɗalibi daga Jos: Assalamu alaikum, malamai. Ina rubuta manhajar shago da Java, harshen rubuta manhajar kwamfuta, inda aji (class, wato sashen manhaja) uku suke ƙirƙirar Rasidi, kuma jiya na ga rasidin buhun dankali ya fito sau biyu. Shin akwai hanyar da rasidin zai san wanda ya ƙirƙire shi?

Injiniya a Abuja: Wa alaikumus salam, ƙanena. Java ba ta adana wannan bayani, domin da zarar an gina abu, ba ya tuna mai gina shi. Abin da ya fi dacewa shi ne ka miƙa `this`, wato abin da yake ƙirƙirar rasidin, ga maginin ajin Rasidi (constructor), sannan ka ajiye shi a cikin rasidin.

Malama daga Bukuru: Idan kuskure kawai kake farauta, StackWalker, kayan aikin bin sawun kira wanda ya zo da Java 9 a 2017, zai nuna maka sunan aji da layin da aka yi kiran, amma ba zai ba ka ainihin abin da ya ƙirƙiri rasidin ba.

Ɗalibi daga Jos: Na gode, Malama. Ashe maɓallin biyan kuɗi ne yake kiran aikin sau biyu.