Tsohon amfilifaya da ya daɗe a ajiye: yaya za a kunna shi karon farko?

Sagir_Sauti:
Assalamu alaikum. Akwai amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) ƙirar Japan na ƙarshen shekarun 1970 da ya yi shekaru a ajiye ba a kunna ba. Me za a duba kafin a ba shi wuta? Kuma da gaske ne sai an sauya duk kafasitocinsa (kayan da ke riƙe cajin wuta a ciki)?

Injiniya Bala:
Wa alaikumus salam, Malam Sagir. Don Allah kada ka jona shi kai tsaye. Fara karanta bayansa: wanda aka yi don kasuwar Japan volt 100 yake ci, na Amurka 120, wasu kuma suna da makunnin zaɓi. Ka ba na 100 wutar 230, taransfoma ya tafi, samun irinsa kuma wuya. Duba fis, ka tabbata mai lambar da aka rubuta ne, ba waya aka naɗa ba.

Sai ka sami kwan fitila mai zare irin na da, wat 60 zuwa 100, ban da LED. Yanke wayar da ke ɗauke da wuta a igiyar soket, ka sa kwan a tsakani yadda wutar ba za ta kai ga amfilifayan ba sai ta bi ta cikinsa. Cire lasifikoki, mayar da ƙara ƙasa, kunna. In kwan ya haska ya dushe nan take, manyan kafasitoci ne suka cika, lafiya lau. In ya tsaya da haske, wani abu ya haɗe a ciki, galibi taransistocin fitar da sauti ko dayod ɗin gyara wuta. Kashe shi.

In ya wuce wannan, cire kwan, bar shi minti goma ya ɗumama, ka auna DC (wuta mai tafiya hanya ɗaya, irin ta batir) da mita a bakin wayar lasifika. Ƙasa da milivolt 50 babu damuwa. Ya haura 100, kada ka sa lasifika sai an daidaita.

Malam Habu:
Ba dole ba ne a sauya duka kafasitocin. Fara da ƙananan na ɓangaren wuta, musamman na kusa da abin da ke zafi, su ke saurin bushewa. Sabon ya zo da mikrofarad (ma'aunin girman kafasito) ɗin tsohon, volt kuwa daidai ko sama, mai jure zafin digiri 105. Kula da ƙafar da ke da alamar ragi. In ka juya ta, fashewa zai yi. Manyan kafasitocin suna riƙe caji ko an cire filogi, sai ka sauke shi da rizisto mai ohm 1000, wat 5, ka auna, sannan ka sa hannu.

In ka ga gam mai launin ƙasa a gindin kafasitoci, kamar yadda aka sani a amfilifaya ƙirar Sansui AU-717, kankare shi tas. Idan ya tsufa yana cin ƙafafun kayan da ya taɓa.

Hajiya Ladidi:
Injiniya ya gama magana, sai ƙari ɗaya. Yawancin ɗaukewar sauti a gefe guda datti ne, ba lalacewa ba, kuma makunnin tef da rile (makunni mai aiki da kansa) na lasifika su ne kan gaba. Fesa DeoxIT D5, maganin wanke makunnai, kaɗan a makunnin, ka yi ta danna shi sau talatin. In ƙarar tsartsatsi ta ci gaba ko an rage sauti, duba ko akwai taransista 2SC458 a ciki. Ana maye gurbinsa da KSC1845, amma gwada ƙafafun da mita kafin ka liƙa da darma, don fuskar jikinsu na ruɗarwa.